Na Bakwai Mai Ido Ɗaya: Yadda Ake Karanta Waƙar Abzinawa ta 'Yan Matan Dare

A littafin da Henri Duveyrier ya wallafa a Paris a shekarar 1864, mai suna Les Touareg du Nord, akwai ɗan sashe kan taurari, kuma a cikinsa akwai wata 'yar waƙa mai ɗango biyar kacal. Waƙar tana magana ne kan gungun taurarin nan da mu Hausawa muke kira kaza da 'ya'yanta, Larabawa su ce Surayya, Turawa su ce Pleiades. Abzinawa kuwa 'yan matan dare suke ce musu. Ɗangon farko ya ba da adadi, wato bakwai. Ɗango uku na tsakiya suka jero sunaye shida, biyu-biyu, kowane biyu suna amsa wa juna amo kamar sunayen tagwaye. Da aka iso kan na bakwai sai sunaye suka ƙare, jinsi ma ya sauya: ba mace ba ce, yaro ne namiji, kuma ido ɗaya ya rabu da shi.

Wannan ɗango na ƙarshe shi nake son mu tsaya a kai. A ganina masu karanta shi sun kasu biyu, kuma duka biyun sun kauce masa. Wasu sun ɗauke shi tatsuniyar makiyaya da ba ta da alaƙa da abin da ke sama. Wasu kuma suna son su mayar da shi shaidar kimiyya, su ce ai ga shi mutanen da sun lura da tauraro mai sauya haske. Kafin a yanke hukunci tsakaninsu, ya kamata a san irin saman da masu wannan harshe suke kwana ƙarƙashinsa.

Tamanrasset, babban garin ƙasar Ahaggar a kudancin Aljeriya, ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Arlit, ya tsallaka iyaka ta Assamaka da In Guezzam, can zai sauka, kuma zai ji Hausa a kasuwa. Gasasshen naman da garin ya yi suna da shi ma "mainama" ake ce masa. Garin yana bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,300, ga busasshiyar iska. Kimanin kilomita 80 daga nan akwai tsaunin Assekrem, wanda ya haura mita 2,700. Amma abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne matsayin wurin a doron ƙasa. Tamanrasset tana kusan digiri 23 arewa da layin da ya raba duniya biyu, ita kuma Surayya tana kusan digiri 24 arewa a sararin sama. Ma'ana, a tsakar daren watan Nuwamba gungun yana ratsawa ta tsakiyar kan mutum sak. A nan ne haske yake keta iska mafi ƙaranci kafin ya iso ido. Da wuya a sami wurin da ya fi wannan kyau ga mai son ƙirga 'yan matan dare. Idan mutanen da ke da irin wannan sama suka ƙirga shida da suna, suka yi turus a kan na bakwai, to turus ɗin nan abin dubawa ne.

Bari mu fara da shi Duveyrier. Yana da shekara 19 ya shiga Sahara a 1859, ya fito a 1861. Bai kai Ahaggar ba. Zamansa tare da Abzinawan Ajjer ne, wajen Ghadames da Ghat, ƙarƙashin kariyar sarkinsu Ikhenoukhen da Shehu Usman. Harshensu da na mutanen Tamanrasset ɗaya ne, wato Tamahaq, shi ya sa abin da ya rubuta ya shafi duka biyun. Ya cancanci yabo, domin ya rubuta waƙar da harshenta sannan ya fassara, a zamanin da yawancin matafiya Turawa ba su ga abin rubutawa a bakin makiyayi ba. Sai dai ya bar mana matsala a shafin nan guda. A bayaninsa na zube ya nuna cewa tauraro na bakwai shi ne idon yaron, wanda ya fice daga gurbinsa ya tafi ya maƙale a sama. A fassarar waƙar kuwa, tauraron shi ne yaron da kansa, wanda ya rasa ido. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne. Idan tauraron ido ne da ya tashi daga ƙasa, to labari ne na asali, na yadda baƙo ya shiga cikin 'yan mata. Idan kuwa tauraron yaro ne mai ido ɗaya, to siffa ce ta haske: yana nan cikin sahu amma haskensa rabi ne. Duveyrier bai tsaya ya warware ba. Abin da ya fi ba ni takaici, mutum ne da ke ɗauke da kayan awo, yana duban taurari don ya san inda yake a taswira, amma bai haɗa sunayen nan shida da taurarinsu ɗaya bayan ɗaya ba, balle ya nuna mana wane ne yaron.

Wanda ya zo bayansa ya fi shi dama nesa ba kusa ba. Charles de Foucauld ya sauka Tamanrasset a 1905, zamanin Musa ag Amastan, ya zauna har aka kashe shi a ranar 1 ga Disamba 1916. A 1911 ya gina ɗakin kaɗaici a kan Assekrem, ya kai kayan auna zafi da nauyin iska. Da taimakon Ba-Hammu, magatakardan Musa, ya tattara waƙoƙin Abzinawa sama da 500, waɗanda aka buga a juzu'i biyu a 1925 da 1930, ya kuma bar ƙamus mai juzu'i huɗu da aka buga a 1951 zuwa 1952. Duk mai nazarin Tamahaq yana cin albarkacin wannan aiki, ko da kuwa yana da ja kan kusancin mutumin da sojojin mulkin mallaka irin su Laperrine, kuma ja ɗin yana da tushe. Amma Foucauld mai farautar kalma ne. Zai ba ka sunan tauraro, da tushen sunan, da jam'insa in yana da shi. Ƙarfin hasken tauraron a dare kaza ba ya cikin abin da ya sa gaba. Abin sha'awa, a shekarar nan ta 1911 da yake gini a Assekrem aka kafa ƙungiyar AAVSO a Amurka, ta 'yan sa-kai masu bibiyar taurari masu sauya haske. Ta Faransa, AFOEV, ta biyo baya a 1921. Shi yana da sama ba ya awo, su suna awo ba su da irin samansa.

Su wane ne waɗannan 'yan sa-kai, kuma me ya kawo su cikin sharhin waƙa? Mutane ne da ba sana'arsu ba ce: malaman makaranta, akawu, manoma, 'yan fansho. Hanyar aikinsu ta samo asali ne daga Friedrich Argelander, wanda ya yi kira ga masu sha'awa a 1844 su taya masana kallo. Mutum zai nemi tauraron da yake bibiya, ya sami maƙwabta biyu da aka san ƙarfin haskensu, ɗaya ya fi shi, ɗaya bai kai shi ba, sannan ya kimanta inda ya faɗa tsakaninsu. Ma'aunin da ake amfani da shi a juye yake: ƙaramar lamba ita ce haske mai ƙarfi, kuma lafiyayyen ido a wuri mai duhu yana tsayawa ne wajen lamba 6. Sai ya rubuta sunan tauraron, da rana, da sa'a, da maƙwabtan da ya gwada da su, da abin da ya duba da shi. Kada a raina wannan. Alexander Roberts, malamin makaranta a Lovedale ta Afirka ta Kudu, ya yi irin wannan kimantawa wajen sau 250,000. A shekarar 2000 wani ɗan sa-kai na Ajantina, Sebastián Otero, ya lura da ido tsirara cewa ɗaya daga taurarin kan Kunama ya ƙara haske, masana suka bi suka tabbatar.

Babban abokin gabar mai wannan aiki shi ne cunkoso. Idan tauraro yana shi kaɗai a fili, kimanta shi ba wuya. Idan yana cikin taro, matsaloli suna taruwa. Hasken babban maƙwabci yakan danne ƙarami, ko ya haɗu da nasa ido ya ga ɗigo ɗaya. Mutum yakan ɗauki wani tauraron a matsayin wanda yake nema, ya yi shekara yana auna abin da ba shi ba. Har matsayin taurari biyu a cikin ido yana tasiri, domin wanda ke ƙasa yakan yi kamar ya fi na sama haske. Hausawa sun riga sun faɗi rabin wannan da suka ce rashin farin wata tauraro ke haske. Bambancin kawai, a cikin cunkoso farin watan naka maƙwabcinka ne.

Surayya kuwa cunkoso ce ta gaske. Taurari sama da dubu ne a gungun, a nisan da haske ke yin kusan shekara 440 kafin ya iso mu. Shida ne suke fitowa fili ga kowa: Alcyone mai lamba 2.9, Atlas mai 3.6, Electra, Maia, Merope, sai Taygeta mai 4.3. Daga nan sai a faɗa rami. Masu biye musu, Pleione da Celaeno da Asterope, duk suna wajen lamba 5 zuwa kusan 6. To shi Pleione ɗin nan tauraro ne mai sauya haske, har yana da suna na biyu a rajistar irinsu, BU Tauri. Yana jujjuyawa a kan kansa da gudun da ke sa shi zubar da iskar gas, gas ɗin ya yi masa zobe, wani lokaci zoben ya tare wani sashe na haskensa. An ga ya shiga irin wannan hali wajen 1938, da 1972, da ƙarshen 2005. Haskensa yana kai-komo tsakanin 4.8 da 5.5, wato a ganiyarsa ya kusa ninka na lokacin dushewarsa. Ga shi kuma manne da Atlas: ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin shida na faɗin cikakken wata ba. Atlas ya fi shi haske sau uku idan Pleione yana ganiyarsa, ya kusa sau shida idan ya dushe.

Mai karatu ya ga tarkon. Ga waƙa tana cewa na bakwai mai rabin gani ne, ga tauraro a gungun da haskensa ke raguwa zuwa kusan rabi. Zuciya tana son ta ɗaura musu aure nan take. Ni ban yarda a ɗaura ba, kuma dalilina daga littafin ɗan sa-kai na ɗauko shi. Kimantawar da ba ta da sunan tauraro, ba rana, ba maƙwabcin gwaji, ba a karɓar ta a rajista, ko wane ne ya kawo. Waƙar ba ta da ko ɗaya cikin ukun. Yaron yana iya zama Pleione, yana iya zama Celaeno, wanda yake dusashe ba tare da wani sauyin da ido zai kama ba. Waƙar ba ta ce idon yana tafiya yana dawowa ba, cewa ta yi ya tafi. Sauyin Pleione kuma yana ɗaukar shekaru, ba kwanaki ba, kuma ba wanda zai riƙe hasken ɗan ƙaramin tauraro a ƙwaƙwalwa shekara talatin ba tare da ya rubuta ba. Wanda ya ce waƙar hujja ce ta sauyin haske ya ɗora wa raƙumi kayan da ba nasa ba.

Irin wannan ɗora kaya ya kai maƙura a wata maƙala da Ray Norris da Barnaby Norris suka fitar a wani kundin nazari a 2021, inda suke tambayar me ya sa ake cewa 'yan matan bakwai ne alhali shida ake gani. Sun lura cewa Girkawan da da 'yan asalin Ostareliya duk suna da labarin 'yan mata bakwai, da namijin da ke bin su wanda ake dangantawa da gungun Orion, da kuma ɗaya da ta ɓace. Sai suka yi lissafin tafiyar taurari, suka nuna cewa shekara 100,000 da suka wuce Pleione ya fi nisa da Atlas, don haka ya fi sauƙin gani. Suka kawo shawarar cewa wataƙila labarin ya fito ne daga Afirka tun wancan zamani. Lissafin taurarin ba ni da ja a kansa, kuma su da kansu ba su ce sun tabbatar ba. Inda nake ja shi ne wajen adabi. Idan labarin gadon Afirka ne, ai adabin bakan Afirka ya kamata a fara tambaya, kuma waƙar Abzinawa ba ta ba su amsar da suke so. Babu 'yar'uwar da ta ɓace a cikinta. Na bakwai yana nan, an ƙirga shi, sai dai ba mace ba ne kuma ba cikakke ba. Namu sunan na Hausa bai ma damu da adadi ba: kaza ce da 'yan tsaki, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ƙirga 'yan tsaki a tsakar gida ya san me ya sa ba a faɗi nawa ba ne. Japanawa shida suka ƙirga, shi ya sa tambarin motar Subaru yake da taurari shida. Saɓanin shida da bakwai ba ya bukatar shekara dubu ɗari. Mutum biyu su kwanta a tabarma ɗaya yau da dare, ɗaya saurayi ɗaya dattijo, za su haifar da shi sabo fil.

Akwai ma shaida a gidanmu cewa an daɗe ana ɗaukar ƙirgar Surayya a matsayin gwajin ido. A cikin Ashafa ta Alƙali Iyal, wadda ake karantawa a masallatanmu da azumi, an hakaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ganin taurari goma sha ɗaya a cikinta. Ingancin ruwayar aikin malaman hadisi ne, ba nawa ba. Abin da ya shafe mu shi ne an kawo ta ne a babin ƙarfin gani, wato masu sauraro sun san cewa ido ya bambanta a kan wannan gungu. A Turai ma Michael Maestlin ya zana goma sha ɗaya a 1579, kafin a ƙera madubin hangen nesa, sannan Galileo ya zana 36 a 1610 da madubinsa.

To idan waƙar ba tatsuniya ce kawai ba, kuma ba rahoton kimiyya ba ce, mece ce? Nan ma littafin ɗan sa-kai ne ya ba ni haske. Masu wannan aiki suna da alamomi biyu da nake ganin sun fi lambobin kansu daraja. Idan mutum ya duba bai ga tauraron ba, ba ya barin gurbi fayau, sai ya rubuta cewa bai kai maƙwabci kaza haske ba. Idan kuma ya gani amma bai sakankance ba, sai ya sa ɗigo biyu bayan lambar, alamar a karɓa da taka-tsantsan. Ɗango na biyar shi ne ɗigo biyun waƙar. Mawaƙin yana da hanyoyi biyu masu sauƙi: ya ce shida ne ya huta, ko ya ƙago suna na bakwai mai amo irin na sauran ya cike sahu. Bai bi ko ɗaya ba. Ya riƙe adadin bakwai, amma ya karya tsarin da ya gina a ɗango uku: ba abokin amo, ba suna, ba ma jinsi ɗaya ba. Kunne yana jin tuntuɓen a daidai inda ido yake yin sa a sama. Kuma nakasar da ya zaɓa ta gani ce, ba gurgu ba, ba kurma ba. Wannan ne ya sa na fi karkata ga fassarar Duveyrier ta cikin waƙa a kan bayaninsa na zube, duk da cewa idon da ya tashi ya maƙale a sama shi ma ɗan ɗigo ne kusa da manya. A kowace fuska aka ɗauka, an shigar da matsalar mai kallo cikin jikin abin da ake kallo.

A nan dole mu waiwayi kanmu. Muna da waƙoƙin taurari a Hausa, Mervyn Hiskett ma ya yi nazarinsu a wata maƙala a 1967. Amma na hisabi ne: manzilolin wata 28 da aka karɓo daga Larabawa, kowanne kwana 13, ɗaya ya ɗauki 14 don shekara ta cika 365. Surayya tana cikinsu, tare da su Dabaran da Zira'a da Jabha. Ilmi ne mai amfani, manomi yana sanin lokacin shuka da shi. Sai dai kwana yake ƙirgawa ba haske ba, kuma mutum yana iya haddace shi duka a zaure bai ɗaga kai sama ba. A littattafanmu na soyayya kuwa tauraro ya zama ado tsantsa. Kowace budurwa zara ce cikin taurari, kuma da wuya ka ga marubucin da ya nuna ya san zara ba ta tsayawa wuri ɗaya, wani lokaci ta fito da magariba, wani lokaci da asuba, wani lokaci ta ɓace gaba ɗaya. Ɗango biyar na makiyayin Sahara sun fi shafi ɗari na irin wannan ado kallon sama.

A Tamanrasset akwai tashar bincike tun 1932, wadda yanzu take ƙarƙashin cibiyar CRAAG ta Aljeriya, amma ƙarfinta yana wajen auna maganaɗisun ƙasa da girgizarta. Aikin da shafin Duveyrier ya bari bai bukaci irin waɗannan na'urori ba. Yana bukatar wanda ya ji Tamahaq, ko ya sami tafinta cikin ɗimbin Abzinawan da ke jin Hausa, ya zauna da tsofaffin da suka yi kiwo a Ahaggar a wani daren Nuwamba da ba farin wata, ya karanta musu sunayen nan shida, ya roƙe su su nuna kowanne, sannan ya tambaye su ina yaron yake, kuma shi ne tauraron ko idonsa. Ya riƙe ƙaramin madubin hange mai ido biyu, domin da shi Pleione yana rabuwa da Atlas sarai, kuma ana iya gwada shi da Taygeta a sama da Celaeno a ƙasa. Idan tazarar shekara 34 da aka gani tsakanin 1938 da 1972 da 2005 ta ci gaba, dushewa ta gaba za ta faɗo ne wajen 2040.